Wayar Buji Guda Ɗaya

Rabi, Lawali, wannan babin ku karanta shi a zaune, kuma kada ku miƙa wa ƴaƴanku sai kun kai ƙarshensa. Na ji abin da kuke gaya musu, wai soja ne suka riƙe kakansu da ƙarfi a shekarar fari, shi ya sa ba ya gida lokacin da kakarsu ta kwanta. Kawunku Sani ne ya koya muku haka, Allah ya jiƙansa, don ya rufa mini asiri, ni kuma na ja bakina na yi shiru shekara da shekaru saboda maganar ta yi mini daɗi. To yanzu haƙora sun zube, idon dama ya tafi, ban ga amfanin in shiga kabari da ita ba. Soja sun yi nasu, ba wanke su nake ba. Amma abin da ya hana ni zuwa wurin innarku ni na san shi, kuma ba za ku gane ba sai na fara muku da injin mota.

A rayuwata na buɗe injuna da yawa, tun daga garajin da na koyi aiki a Maraɗi har rumfar da na tsufa a cikinta a Tasawa, kuma uku ne kawai nake cire wa hula. Akwai na ɗan moton nan siriri, wato babur, da malaman lakwal, makarantar boko ke nan, da ma'aikatan gona suke hawa a da, silinda guda, wanda za ka zuba masa esansi, wato fetur, na kwalba mai haɗe da kananzir ya sha ya gode, ya ɗauki mutum da matarsa da buhun wake. Akwai na babban kamiyo na ɗaukar kaya mai dogon hanci, mai shan gazuwal, wato dizal, wanda ba ya sauri ko za ka yi kuka, amma in ya tashi daga Damagaram ba ya tsayawa sai inda aka ce masa. Na uku shi ne na bashe ɗina, wato a-kori-kura mai rufin tamfol, silinda huɗu, ƙarfe zalla. Ba zan rubuta sunan masu ƙera shi ba, ba su ɗauke ni talla ba, kuma duk direba, shofar kamar yadda muke cewa, da ya kai shekaruna ya san wanda nake nufi. Injin nan ba shi da wayo ko kaɗan. Ka ɗaga murfin gaba ka ga komai a fili, hannunka ya kai ko'ina, da sifana biyu da ƴar waya ka gama gyaran da za a yi masa. Yashin hanyar Mayahi da ke cinye injunan mutane, shi sai ya tace shi a ɗan kwanon mai, ka wanke da safe ka mayar. Na yau kuwa masu kwamfuta a ciki, ƙura kaɗan sun kunna jar fitila sun zauna suna jiran likita daga Yamai. Kai, Allah ya sawwaƙe.

Shekara tara na yi da motar nan kafin farin, ina ɗaukar ƴan kasuwa daga Hawandawaki zuwa Tasawa, ranar kasuwar Urafane kuma in wuce can. A tasharmu ta Tasawa muna da wata al'ada wadda ban gani a wani wuri ba. Duk shofar da motarsa ta ƙi tashi har sai an tura, mu sauran shofar ne za mu tura ta da hannunmu, ba ma barin fasinja su taɓa. Muna turawa muna tafi muna guɗa kamar masu kai amarya, a zagaya da ita gaban masu shayi da masu tsire don kowa ya gani, bayan nan mai motar ya sayi goro ya raba wa tasha. Daga ranar kuma sunansa ango, har sai an tura ta wani. Manyan mutane masu gemu sun yi wata uku suna amsa ango. Ni kuwa a shekara tara ban taɓa sayen goron nan ba, sai dai in ci na wasu, kuma ni ne mai fara guɗar. Har na sa mai fenti ya rubuta a bayan motar da manyan baƙaƙe: Ba Ta Kwana Daji. Ina jin daɗin in ji yara suna karanta shi in na wuce.

Innarku Zaliha ba ta taɓa yaba motar ba ko sau ɗaya. Mace ce mai ɗan baki, in ta faɗi magana sai ka tafi da ita ka yi ta juyawa a hanya. Wata rana na dawo ina ba ta labarin yadda aka tura motar abokina Ɗan Jimma, ina dariya har da hawaye, ita kuma tana tankaɗe ko murmushi ba ta yi ba.

"Shi ke nan zai kwana uku gida yana jiran gyara," in ji ta. "Matarsa ta gan shi, ɗiyansa su gan shi. Taka ko zazzaɓi ba ta yi."

Na ce mata ai arziki ke nan. Ta ce i, ta ji, ta ci gaba da tankaɗenta.

Sai shekarar farin ta zo, na biyu, wanda ya same mu lokacin mulkin soja. Sau uku muka yi shuka a gonar Hawandawaki, sau uku hatsi ya fito ya kai tsawon ɗan yatsa ya ƙone. Shanun Buzaye da na Fulani suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, har na daina kauce musu da ido. Ga shi an rufe iyaka ta kudu, inda kayan gyaran mota ke shigo mana, ko bel ɗin fanka ka nema sai ka sha wuya. Maza suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ta daji suka tsallaka, wasu suka nufi Maraɗi. Ana cikin haka gwamnati ta kawo jar dawar taimako ta jibge a mangaza ta Tasawa, wato babban ɗakin ajiyarta. Manyan kamiyo suna iya kawo ta kan kwalta, amma ba sa iya shiga yashin ƙauyuka, saboda haka aka bi tasha aka rubuta lambar duk ƙaramar mota mai ƙarfi. Rikizisiyo ake ce masa, wato gwamnati ta karɓi motarka da kai kanka har sai ta gama da ku. Mu shida aka rubuta, aka sa wani sajan a kanmu, dogo, mai ƴar sanda a hammata. A filin mangaza motocin ke tsayawa, esansi kuwa da awo ake ba mu, daidai hanyar da aka aike ka. Hawandawaki tana kudu, ni kuma arewa aka ba ni, Urafane da ƙauyukanta, wani lokaci har Tchaké can ƙasar Mayahi, don sajan ya ce yashin can sai motata.

Da farko ana haɗa ni da gardi guda, dogarin gwamnati, yana zama a gefena da bindiga, daga baya da suka ga buhu ba ya ɓacewa a hannuna sai suka riƙa sakina ni kaɗai da takarda. Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a tafiye-tafiyen nan. Ni da na saba da mota cike da mata ƴan kasuwa suna faɗa a kan wurin zama, da akuya tana kuka a saman tamfol, sai ga ni ina wuni ban ji muryar mutum ba. Ka shiga ƙauyen da ka san shi da hayaniya ka tarar an toshe ƙofofi da ƙaya, rumbuna a buɗe, ko kare babu. Ka wuce rijiya ka ga igiya a yashe. In rana ta take sai in tsaya ƙarƙashin aduwa in ɗaga murfin gaba ya sha iska, in jiƙa garin rogo in sha, in zauna ina sauraron ƙarfen yana hucewa, ƙyas, ƙyas. Har magana nake yi masa. In ce sannu, saura kaɗan, ka yi haƙuri da wannan esansin. Da wani ya gan ni da ya ce Illa ya taɓu. Inda kuma mutane suka rage, tun daga nesa za ka hango mata a layi da ƙorai, tsofaffi a zaune a ƙasa. Wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Urafane ta taɓa shafa gaban motar da hannu biyu tana sa mata albarka, ba ni ba, motar. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana shiga raina. Sauran motocin suna kwana a hanya, a jira su kwana biyu, tawa kuwa in an ce Talata to Talata.

Ba a yi wata biyu ba motoci suka fara mutuwa a filin mangaza. Biyu sun mutu da gaskiya. Ta Ɗan Jimma kuwa ni na san abin da ya kashe ta, don a gabana aka yi. Akwai wani ɗan abu a injin esansi, bai kai kan babban yatsa biyu ba, shi ke juyawa yana raba wa buji huɗu, wato fulogi, wuta. In ka zare shi ka sa a aljihu, ko wanda ya ƙera motar ya zo ba za ta tashi ba, kuma ba abin da ya sami injin. Ɗan Jimma ya zare nasa da safe, ya yi ta murza makulli a gaban sajan yana salati yana dafe kai. Sajan ya san babu kayan gyara a ƙasar, ya yi zagi ya gaji, ya soke lambar daga takarda ya ce a fitar masa da gawar daga fili. Muka tura ta, kuma hanyar garaji ta gaban tasha ta bi. Duk da yunwar da ake ciki sai da aka yi guɗa. Bayan kwana huɗu motar ta warke a ƙofar gidansa a ƙauyensu. Kafin ya tafi ya ja ni gefe.

"Illa, iyalinka na da ciki, shekara ta ɓaci. Cire ka sa aljihu. Goro nawa ne?"

Na ce masa ni ba na ƙarya a kan inji. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce to malam mai gaskiya, Allah ya ba da lada.

Sau biyu kawai na je gida a watannin nan, da esansin da nake ragewa ina kashe inji a gangara. Zuwa na biyu na tarar da innarku a zaune a kan turmi a kife, cikin ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar da ke yatsar ƙafarta ya nutse. Fuskarta ma ta cika, wanda bai sani ba sai ya ce ƙiba ce. Ke Rabi kina da shekara bakwai, ke ke daka. Kai Lawali kana bin ta da kwano. Maƙwabtanmu na dama da na hagu duk sun tashi, unguwar ta yi tsit, in aka yi tari a gidanmu ana ji a masallaci. Ungozomar garin ma ta bi ɗanta kudu. Na sauke ɗan abin da na zo da shi, na zauna a bakin ƙofa, ta bari na sha ruwa tukuna.

"An ce motar Ɗan Jimma ta mutu ta tashi," ta ce.

Na ce haka na ji.

"Maigida, wannan cikin ba irin na su Rabi ba ne. Kaina na sarawa, idona na yin duhu. In abin ya zo da gardama, mi za a ɗauke ni da shi? Shanun amalanke duk sun mutu. Ni ban ce ka bar aikinka don ni ba. Na ce ka yi abin da kowa ya yi."

Na fara kawo mata maganar tsofaffin Urafane da ƙoransu, da cewa in na janye ba mai kai musu. Ta saurare ni har na gama.

"Gaskiya ne, suna jin yunwa," ta ce. "Amma ba su ne a ranka ba. Kai dai ba ka son a tura ta."

Na tashi da fushi na ce mace ba ta san aikin maza ba, na fita na duba ruwan radiyata wanda ba abin da ya same shi. Na yi fushi ne don ta faɗi daidai. Da zan bar garin washegari na dai ce wa kawunku Sani, yayanta, in an ga wani abu a aiko mini mangaza.

Bayan kamar mako uku saƙo ya zo ta bakin wani mai sayar da tabarmi. Ya ce Sani ya ce jikin Zaliha ya yi nauyi, ta faɗi sau ɗaya a tsakar gida, in zo da mota a kai ta gidan likita. Ranar kuwa an riga an loda mini buhunan Tchaké, tafiyar da zuwa da dawowa da rabo take cin kwana biyu. Na je wurin sajan na roƙe shi, ya ce kowa a ƙasar nan yana da mara lafiya, in je in dawo a duba. Na koma wurin motar na ɗaga murfin gaba kamar mai duba mai. Ba kowa kusa. Na buɗe inda ɗan abin nan yake, wallahi har na kama shi da yatsu biyu. Sai na ɗaga kai na hango ƙofar fili, na hango hanyar da ta bi ta gaban tasha, na ga motata ana tura ta da rubutun nan a bayanta, waɗanda na yi shekara tara ina yi wa guɗa suna ramawa. Na saki. Na ce a raina akwai dabarar da ta fi wannan. Na kama wayar buji guda ɗaya na zare ta, na bar ta a ɗore kamar tana ciki. Lissafina shi ne injin zai tashi yana tari yana karkarwa, sajan ya ji da kunnensa ya ce a sauke kaya in kai ta gyara, in fita da ita da ƙafafunta ba mai taɓa ta, in na sha kwana in mayar da waya in miƙe Hawandawaki. Na ga kamar na fi Ɗan Jimma wayo.

Na murza makulli ya tashi bugu ɗaya. Yana ɗingishi, gaban motar na rawa, hayaƙi na warin ɗanyen esansi, amma ya tashi ya zauna daram a kan silinda uku. Na kira sajan na ce ranka ya daɗe ka ji, inji ba lafiya, ba zai kai Tchaké da kaya ba. Ya zagaya motar da sandarsa, ya kara kunne.

"Ja mu gani," ya ce.

Na sa giya ina addu'a a zuciyata ya mutu. Na saki kulocin da gangan yadda ko sabuwar mota sai ta shaƙe. Ya yi ƙugi, ya girgiza, ya ja buhunan nan kaf ya zagaya fili ya dawo. Masu dako suka yi tafi. Sajan ya buga sandarsa a kan rubutun baya yana dariya.

"Ka ga mota! Tana ciwo tana aiki. Da irinta goma gare ni da na gama da yunwar arewa. Tahi, Illa, Allah ya kiyaye."

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko kawunku. Da ya faɗi haka, a ƙarƙashin tashin hankalin da nake ciki, na ji daɗi. Matata na kwance, dabarata ta rushe, amma wani wuri a ƙirjina ya yi sanyi don an yabi injina a gaban mutane. Kuma ko a lokacin ƙofa ba ta rufe ba. Ina fita gari zan iya tsayawa in zare ɗan abin nan in aika a ce mota ta mutu a hanya. Sai dai wannan shi ne kwana daji, ga kuma abin da na rubuta a baya. Abin da na yi, da na wuce gonakin bayan gari na tsaya na mayar da wayar, don kunnena ba ya iya jure jin sa yana ɗingishi. Na ce in yi sauri in kai in dawo, kwana biyu ba wani abu ba ne, mata suna faɗuwa su tashi. Na kai Tchaké, aka yi rabo, mutane suka ci. Wannan gaskiya ne kuma ina fatan Allah ya sa shi a mizani. Amma kada ku ce don su na tafi. Rabi, in kina ba jikokina labari, kada ki ƙara mini da abin da ba nawa ba.

Na dawo Tasawa rana ta uku da hantsi, don rabon ya ja. Tun kafin in kashe mota mai gadin mangaza ya taho da sauri ya ce an sake aikowa tun jiya, an ce in ina da rai in zo. Ban nemi sajan ba, ban sauke buhunan da babu komai a ciki ba, na juya kan mota na fita ta ƙofar da na shigo, da esansin gwamnati a tanki. Ba wanda ya tare ni. Kuma tun yanzu in gaya muku, ba wanda ya hukunta ni daga baya, ko tambaya ba a yi mini ba. Abin da na yi wata uku ina cewa ba ya yiwuwa, ashe juya sitiyari ne kawai. Na kama hanyar kudu ina gudun da ban taɓa yi da motar nan ba, tana tsalle a kan yashi, injin yana amsa mini kamar ya san inda za mu.

Saura ƴar tafiya kaɗan in isa Hawandawaki, a inda hanya ke matsewa tsakanin shingayen gonaki, na cim ma wata amalanke a gabana, ita ma ta nufi garin. Jaki ne ke ja, ramamme, yana taku ɗaya ɗaya. Maza biyu na tafiya a ƙasa a gefenta, wata tsohuwa na zaune a sama ta ba ni baya, ga wani abu a shimfiɗe an rufe da zane. Ku kun san halin shofar da ƴan amalanke. Na danna oda. Ba su kauce ba. Na sake dannawa na riƙe, na leƙo da kai ta taga na daka musu tsawa.

"Ku ba da hanya mana! Mara lafiya gare ni!"

Sai ɗaya daga cikin mazan ya tsaya ya juyo, na ga kawunku Sani ne. Tsohuwar kuma gwaggon innarku ce. Zanen da aka rufa, ni na saye shi a kasuwar Urafane da sallar da ta wuce.

Ban san yadda na sauko ba. Sani ya ce sun jira ni kwana biyu, jiya ta fara jijjiga, da asuba suka samo jakin nan a ƙauyen gaba suka ɗora ta. Ba su yi nisa ba, rana na ɗagawa ta cika, ita da abin da ke cikinta, suka juyo. Yana magana a hankali, bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba, motar yake kallo, wadda na bari tana aiki a bayana. Na ɗaga gefen zanen na ga fuskarta na mayar. Na yi salati. Sai na ce abin da ya zo bakina, na ce a kama mu sa ta a mota, rana na yi, jakin ya gaji.

"A'a," in ji Sani. "Shi ya ɗauko ta da ranta, shi zai maida ta gida."

Na ce to bari in bar motar nan in bi ku a ƙasa.

"Mi za ka yi muna a ƙasa? Motarka na da sauri. Wuce gaba ka gaya wa liman, ka ce su fara haƙa, ƙasa ta yi tauri bana."

Suka ja jakin cikin shinge suka ba ni hanya. Na wuce ta gefenta a hankali, taya na kusa da gogar amalanken, gwaggo ta sa hannu ta dafe zanen don kada iskar mota ta ɗaga shi. Daga nan ban ƙara ganin hanya sosai ba, hannuna ne kawai ya san ta.

Kafin in je wurin liman sai da na bi ta ƙofar gida, don hanyar ta nan ta bi. Ashe kun ji ƙarar injin tun ina bayan gari, kun san ta a cikin ta kowace mota. Na sha kwana na gan ku kun taho da gudu ba takalmi, Lawali yana faɗuwa yana tashi yana kiran Baba ya zo, Baba ya zo. Na tsaya, na kasa buɗe ƙofa, na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ke Rabi kika taka matakalar kika kama taga, kina haki, fuskarki duk murna, kika leƙa bayan motar kika ga ba kowa.

"Baba, su Inna sun tahi gidan likita da jaki. Ba ka gamu da su a hanya ba?"

Na ce, "Na gamu da su."